HUKA PALLIDA: TARIHIN YADDA WANI ƊAN GIZO-GIZO YA SAMI SUNA

Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne bin diddigin tarihin wani ɗan ƙaramin gizo-gizo wanda ba a samunsa ko'ina a duniya sai a ƙasar Niyu Zilan, watau tsibiran nan da ke cikin tekun Fasifik, kimanin kilomita 2,000 kudu maso gabas da Ostireliya. Sunansa a littattafan masana Huka pallida. Girman jikinsa bai kai ƙwayar dawa ba, kuma mazauninsa ƙasan kurmi ne, inda gansakuka da ruɓaɓɓen ganye suke. Ba shi da wata illa ga ɗan Adam, ba ya ɓarnar amfanin gona, ba a kuma haɗa magani da shi. Saboda haka mai sauraro yana da damar ya tambaya, shin wane tarihi ke ga irin wannan halitta?

Amsar ita ce, shi dai gizo-gizon ya daɗe a wurinsa tun kafin ƙafar mutum ta taka tsibiran, amma sunansa bai shiga littafi ba sai a shekarar 1973. An fara raɗa wa ire-iren gizo-gizo suna bisa ƙa'idar da ake bi a yau tun 1757. Ke nan sai da ya jira shekara 216. Tarihin da ake nufi a nan shi ne na wannan jira: su wane ne suka yi aikin, a ina suka yi shi, da wane ma'auni suka auna, kuma me ya rage ba a yi ba.

Kafin a shiga ciki, ya kamata a daidaita kalmomi uku. Masana suna kasa halittu hawa-hawa. A wannan lacca za a kira hawa na ƙasa jinsi, watau waɗanda suke haihuwa da junansu. Jinsunan da suka yi kusa da juna ana tara su a gida ɗaya, gidajen da ake zaton kakansu ɗaya kuwa su ne dangi. Sunan kowane jinsi kalma biyu ne: ta farko sunan gida, ta biyu sunan yanka. Huka gida ne, pallida jinsi ne, dangin da aka sa su ciki kuwa ana kiransa Agelenidae, watau masu saƙar mazurari.

Asalin dangin

An san wannan dangi da irin saƙarsa. Gizo-gizon yakan shimfiɗa yana kamar faifai a kan ciyawa ko tsakanin duwatsu, sa'an nan a gefe ɗaya saƙar ta tsuke ta zama kamar mazurari, da ƙofa a baya ta gudun tsira. A bakin mazurarin yake fakewa. Zaren ba ya da danƙo, saboda haka ba kama ƙwaro yake yi ba. Ƙwaron yakan faɗo ne a kan faifan, ƙafafunsa su riƙa nutsewa, mai gida kuwa ya sheƙo da gudu ta sama ya cafke shi ya ja shi ciki. Kada a haɗa su da baƙin gizo-gizon nan mai mugun dafi na birnin Sidni a Ostireliya, wanda shi ma ake danganta shi da mazurari. Wannan dabam yake, ba su haɗa dangi ba ko kusa.

Abin lura shi ne, a Turai aka gina wannan dangi, da gizo-gizon Turai, kuma akasarin waɗanda suka gina shi ma'aikatan gwamnati ne da suke yin binciken bayan tashi daga ofis. Carl Clerck, mutumin Suwidin, rashin abin hannu ya fitar da shi daga jami'a ya kama aikin hukuma, har ya zama ma'aikaci a hukumar birnin Stockholm. Shi ne a 1757 ya buga littafi a kan gizo-gizon ƙasarsu, ya ba kowanne suna mai kalma biyu, shekara ɗaya kafin fitowar bugu na 10 na babban littafin Linnaeus wanda daga kansa ake fara lissafin sunayen dabbobi. Don kada sunayen Clerck su faɗi, dokar sunayen dabbobi ta duniya ta ɗauki littafinsa tamkar ran 1 ga Janairu 1758 ya fito. Cikin waɗanda ya raɗa wa suna akwai wani mai saƙar mazurari da ya kira labyrinthicus, saboda lungu-lungun saƙarsa. A 1805 Charles Walckenaer, Bafaranshe wanda shi ma ya riƙe muƙaman mulki iri-iri, ya gina wa wannan jinsi gida mai suna Agelena. A 1837 kuma Carl Ludwig Koch, babban jami'in gandun daji a ƙasar Jamus, ya ɗaga gidan ya zama tushen dangi.

To, wannan shi ne mudun da aka sassaƙa. Duk gizo-gizon da aka samo daga baya, ko daga wace nahiya, da shi ake auna shi.

Tsibiran da mazaunansu

Masana ilimin ƙasa sun nuna cewa yankin da Niyu Zilan take kai ya ɓalle daga tsohuwar babbar nahiyar kudu, wadda ake kira Gondwana, kimanin shekara miliyan 80 da suka wuce. An yi gardama mai zafi a shekarun 2000 a kan ko teku ta taɓa shanye ƙasar ɗungum wajen shekara miliyan 23 baya, har ya zama duk abin da ke kanta daga baya ya ƙetaro. Ko ma wane ɓangare ne ke da gaskiya, keɓewar ta yi tsawon da ya sa fiye da kashi 90 cikin 100 na gizo-gizon ƙasar ba a samunsu a wani wuri.

Mutanen farko, watau Maori, sun iso cikin kwale-kwale tsakanin 1250 da 1300. Suna kiran gizo-gizo pungawerewere, suka kuma keɓe suna na musamman, katipo, ga wani ɗan baƙi mai jan zane a baya da ke zaune cikin yashin gaɓar teku, saboda cizonsa yana da dafi. Haka al'adar harshe take ko'ina: abin da ke cizo ko ake ci shi ke samun suna da wuri, sauran kuwa a haɗa su a buhu ɗaya. Abel Tasman ya hango tsibiran a 1642, James Cook ya zo a 1769, aka ƙulla yarjejeniyar Waitangi a 1840, ƙasar ta shiga hannun Ingila.

Zamanin aikawa da kwalabe

Kusan duk ƙarni na 19, tsarin aikin ɗaya ne. Matafiyi ko baƙon da ya zauna a ƙasar zai kama gizo-gizo ya jefa cikin kwalbar sifirit, jirgin ruwa ya yi watanni da ita a hanya, wani masani a Turai ya buɗe, ya duba da madubi, ya raɗa suna. Walckenaer ɗin nan ya siffanta wani babban gizo-gizon rami na Niyu Zilan a 1837. Ludwig Koch, ɗan wancan jami'in gandun daji, likita ne a birnin Nuremberg. Daga 1871 ya shiga fitar da babban aiki a kan gizo-gizon Ostireliya, ya haɗa da na Niyu Zilan a ciki. Octavius Pickard-Cambridge, limamin coci a wani ƙauye mai suna Bloxworth a kudancin Ingila, ya siffanta wasu a 1879. Waɗannan mutane ƙwararru ne, ba a raina aikinsu. Amma gawa suke gani, wadda launinta ya koɗe cikin sifirit. Ba su ga saƙarta ba, ba su ga kurmin da ta fito ba. Kuma in an miƙa wa mutum baƙon abu, bisa ɗabi'a sai ya nemi wanda ya fi kama da shi cikin abin da ya sani. Ta haka gizo-gizon kudancin duniya da yawa suka sami kansu a gidajen Turai waɗanda ba su haɗa kaka ba.

Akwai kuma illa ta biyu, wadda ta fi shafar Huka. Matafiyi abin da idonsa ya gani yake kamawa: manya, masu launi, masu saƙa a bakin hanya. Wanda bai kai ƙwayar dawa ba, yana ɓoye cikin gansakuka, babu mai tsinto shi.

Wajen ƙarshen ƙarnin sai mazauna ƙasar suka fara taɓa aikin da kansu. A 1871 Llewellyn Powell, likita a birnin Christchurch, ya shigar da katipo littafi, ya kuma bar masa sunansa na Maori. Arthur Urquhart, manomi a Karaka kusa da Auckland, ya siffanta jinsuna masu yawa a shekarun 1880 da 1890 cikin mujallar ƙungiyar masana ta ƙasar. Peter Goyen, sufeton makarantu na lardin Otago, shi ma ya yi nasa a daidai wannan lokaci, kuma ba wuya a gane yadda aikin rangadi ya taimake shi. Sai dai sun yi fama da rashin littattafai da rashin samfuran da za su gwada da nasu, domin duk suna Turai. Sau da yawa jinsi ɗaya yakan sami suna biyu ko uku. A 1917 wani Bafaranshe, Comte de Dalmas, ya yi ƙoƙarin tsefe wannan ruɗani, a 1933 da 1935 kuma Elizabeth Bryant ta jami'ar Harvard a Amurka ta sake duba samfuran Urquhart. Watau har a lokacin, gyaran ma daga waje yake zuwa.

Forster da gidan tarihi na Otago

Sauyi na haƙiƙa ya zo ne daga birnin Dunedin, a kudancin Tsibirin Kudu. Brian Marples, Baturen Ingila, ya riƙe kujerar farfesan ilimin dabbobi a jami'ar Otago daga 1937 zuwa 1967, ya kuma mai da hankali ga gizo-gizon ƙasar a raye, a mazauninsu. Amma wanda ya ɗauki nauyin kacokan shi ne Raymond Forster. An haife shi a garin Hastings a 1922. Ya fara aiki a gidan tarihi na ƙasa a Wellington yana saurayi, ya yi aikin sojan ruwa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya koma gidan tarihi na Canterbury a 1948, sa'an nan ya zama shugaban gidan tarihi na Otago daga 1957 har 1987. Shekara 30 yana riƙe da ofis, da kasafin kuɗi da ma'aikata da taron hukumar gudanarwa, kuma a cikin waɗannan shekaru ne ya yi mafi yawan bincikensa. Matarsa, Lyn Forster, masaniya ce mai zaman kanta, ta shahara wajen nazarin gizo-gizo masu tsalle da yadda suke gani. Tare suka rubuta littattafai don amfanin jama'a, ɗaya a 1973, wani a 1999.

Abin da ya bambanta Forster da magabatansa shi ne inda ya sa ido. Ya duƙa ƙasa. Akwai wata dabara da Antonio Berlese, mutumin Italiya, ya ƙago a 1905, Albert Tullgren na Suwidin ya kyautata ta a 1918. Za a ɗebo ruɓaɓɓen ganye da gansakuka cikin buhu, a zuba a kan raga a bakin babban mazurari, a kunna ƙwan lantarki a sama. Zafi da haske su riƙa busar da ganyen daga sama, ƙananan halittun da ke ciki su yi ta gudu ƙasa neman laima, har su zurara su faɗa kwalbar sifirit da ke gindi. Cikin 'yan kwanaki, abin da ido ba zai taɓa tsintowa ba ya taru wuri ɗaya. Ta irin wannan tace ganye ne aka gane cewa ƙasan kurmin Niyu Zilan cike yake da gizo-gizo ƙanana waɗanda babu su a kowane littafi. Forster ya ƙware da ƙananan ƙwarai: a 1959 ya siffanta wani daga tsibirin Samowa wanda jikinsa bai kai rabin milimita ba, ya sa masa suna Patu marplesi don girmama Marples.

Tarawa ita ce mai sauƙi. Bambanta jinsi da jinsi a gizo-gizo ba da launi ake yi ba, ko girma, sai da siffar gaɓoɓin haihuwa, na namiji a kan wasu 'yan hannuwa biyu da ke gefen baki, na mace a ƙasan ciki. Dole a sami baligi, a sa shi ƙarƙashin madubin likita, a zana abin da aka gani dalla-dalla, a gwada da duk na kusa da shi. Sa'an nan a zaɓi guda ɗaya a ajiye a gidan tarihi ya zama samfurin asali, wanda sunan yake rataye a wuyansa har abada. In gardama ta tashi bayan shekara ɗari, wannan kwalba za a koma.

Daga 1967 zuwa 1988 gidan tarihi na Otago ya buga jerin littattafai shida masu suna The Spiders of New Zealand. Na huɗunsu, wanda Forster ya rubuta tare da C. L. Wilton, ya fito a 1973, kuma a cikinsa ne aka gina gidan Huka da jinsuna biyar, ciki har da pallida, alba, minima da minuta. Sunayen yankan duk Latin ne, kuma sun faɗi halin masu su: koɗaɗɗe, fari, mafi ƙanƙanta, ɗan mitsitsi. Huka pallida shi aka ɗauka ma'aunin gidan.

Sunan gidan kuwa ba Latin ba ne, kuma wannan wuri ne da ɗalibin harshe zai so ya tsaya. A harshen Maori huka na nufin kumfa ko dusar ƙanƙara. Sauran gidajen da aka gina a littafin haka suke: Tararua sunan wasu duwatsu ne arewa da Wellington, Orepukia daga garin Orepuki, har ma da wani gida da aka kira Pakeha, watau sunan da Maori ke kiran Bature. Dokar sunayen dabbobi ba ta hana wannan ba. Abin da ta nema shi ne a rubuta sunan da haruffan boko, kada kuma ya zama an riga an ba wani gida. Saboda haka masanin Rasha ko na Japan da zai ambaci waɗannan halittu, tilas ya furta kalmar Maori. A lokacin da aka yi wannan, harshen yana cikin mawuyacin hali, yara kaɗan ne ke tashi da shi, kuma bai zama harshen hukuma ba sai a 1987. Ba za a ce sunan gizo-gizo ya ceci harshe ba. Amma ya nuna cewa iƙirarin da akan yi, wai kimiyya ba ta karɓar kalma sai ta Latin ko Girkanci, al'ada ce kawai aka mayar kamar doka.

Rikicin rariya

An sami suna, saura dangi, kuma nan ne mudun Turai ya ƙi cika daidai. Wasu ire-iren gizo-gizo suna da wani ɗan faranti a ƙarshen ciki mai ƙofofi dubbai kamar rariya, da wani jerin gashi kamar mataji a ƙafafun baya. Zare yakan fito ta rariyar siriri ƙwarai, matajin ya taje shi ya zama kamar audugar da aka shiɓa, ya riƙa sarƙe ƙwaro ba tare da danƙo ba. A 1882 Philipp Bertkau, Bajamushe, ya raba gizo-gizo gida biyu bisa wannan: masu rariya da marasa ita. Shekara 80 da ɗoriya ana koyar da haka. Masu saƙar mazurari na Turai ba su da rariya.

A 1967 Pekka Lehtinen na ƙasar Finlan ya rushe wannan katanga. Ya nuna cewa rariya tsohuwar gado ce wadda zuriyoyi dabam-dabam suka yar, kowace a nata lokaci, don haka rashinta ba ya nuna 'yan'uwantaka. Babbar shaida kuwa tana kudancin duniya, inda akan sami biyu da suka yi kama ta kowace fuska, ɗaya da rariya, ɗaya babu. Forster ya yarda da tushen wannan magana, ko da yake sun saɓa a kan inda iyakar dangogi za ta bi. A littafin 1973 shi da Wilton sun faɗaɗa dangin masu saƙar mazurari har ya ɗauki masu rariya irin su Neoramia, abin da masanan arewa da yawa ba su gamsu da shi ba. Ke nan laƙabin mai saƙar mazurari da ake yi wa Huka pallida ta gado ya same shi, albarkacin dangin da aka rubuta shi ciki.

Hausawa na cewa kama da wane ba ta wane. A 2017 wata ƙungiyar masana ƙarƙashin Ward Wheeler ta buga sakamakon gwajin ƙwayoyin gado na ɗaruruwan jinsunan gizo-gizo daga duk duniya. Aka fitar da Neoramia daga dangin Agelenidae aka kai shi Stiphidiidae, aka kai Orepukia dangin Cycloctenidae, dukansu dangogin da cibiyarsu ke Ostireliya da Niyu Zilan. Huka da wasu ƙananan gidaje aka bar su inda Forster ya ajiye su. Bai kamata a ɗauki wannan a matsayin gazawar Forster ba. Ya yi aiki da madubi da alƙalami, kuma ba don ya tara ya siffanta ba, da masu gwajin ƙwayoyin gado ba su san abin da za su nema ba.

Suna a rajista

Ga inda maganar ta shafi ma'aikacin hukuma. Kafin zuwan mutum, kurmi ya rufe kimanin kashi 80 cikin 100 na ƙasar Niyu Zilan. Gobarar zamanin Maori ta ci wani kaso babba, gatari da wutar Turawa masu neman makiyayar tumaki suka ci wani, har kurmin asali ya koma wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Aka kuma shigo da ɓeraye da bushiya da barewar Turai mai cinye tsiron ƙasan kurmi, ga zirnaƙon Turai da ya shigo a ƙarni na 20 yana farautar ƙwari da gizo-gizo. Halittar da ba ta rayuwa sai cikin laimar ruɓaɓɓen ganye, kuma mazauninta bai wuce kwari ɗaya ko dutse ɗaya ba, tana iya ƙarewa a sharar gona guda.

Doka ba ta kare abin da ba shi da suna. Katipo, wanda kowa ya sani, ya sami cikakkiyar kariya ƙarƙashin dokar namun daji a 2010. Haka wani babban gizo-gizon kogo na yankin Nelson, wanda Forster ya siffanta a 1987, yana cikin masu kariya. Amma suna kaɗai bai isa ba. A 2010 Pierre Paquin da Cor Vink da Nadine Dupérré suka fitar da jerin gizo-gizon ƙasar masu suna, ya kama sama da 1,100, alhali ana ƙiyasin jimillar da ke akwai ta kai 2,000 ko fiye. Da hukumar kiyaye halittu ta ƙasar ta sa aka auna halin da kowanne yake ciki a 2020, rahoton da ya fito a 2021 ya jefa sama da 400 a wani aji da ake kira na ƙarancin bayani. Ma'anar ajin ita ce, an san sunan, an san kwalbar, amma babu isasshen labarin da za a ce jinsin yana cikin haɗari ko yana lafiya. Da yawa cikinsu wuri ɗaya tak aka taɓa samunsu, wasu mace kawai aka sani ba namiji, wasu kuwa babu wanda ya sake ba da rahotonsu tun ranar da aka siffanta su. Fayil ne aka buɗe, aka rubuta suna a bango, aka sa takarda ɗaya a ciki.

Forster ya rasu ran 1 ga Yuli 2000, Lyn ta bi shi a 2009. Tarin da suka bari yana gidan tarihi na Otago, kuma a cikinsa akwai kwalabe masu ɗauke da sunan wuri da ranar kamu, amma gurbin sunan jinsi babu kome a rubuce.